Motsa jiki, kitsen ciki da kansar mata: abin da ya kamata matan Yamai su sani

A Yamai, idan aka ce wa mace ta riƙa motsa jiki, amsar da aka fi ji ita ce: "Ni da nake yini a tsaye, wane motsi kuma ya rage?" Gajiyarta ba ta ƙarya ba ce. Sai dai gajiya daban, motsin da ke sauya sinadaran jini daban. Matar da ta yini zaune a rumfarta a kasuwar Wadata, ko a ofis a Plateau, ta shiga taksi ta koma gida, ta tsaya gaban tukunya awa biyu, za ta kwanta a gajiye liƙis, alhali zuciyarta ba ta ƙara gudu ba ko na minti goma. Kakarta ta ƙauye da ke daka gero, tana jan guga, tana zuwa gona da ƙafa, ita ce ke yin abin da likitoci suke nufi. Injin niƙa da famfo da mota sun rage wa matan birni wahala, kuma wannan alheri ne, amma sun tafi da wani abu da jikin mace ke buƙata, ba a kuwa maye gurbinsa da komai ba.

Abin da ya ɗaga maganar daga batun kyan jiki zuwa batun rai shi ne ciwon daji, wato kansa. A Nijar kansar mama ce ta fi yawa a cikin mata, ta bakin mahaifa ma tana sahun gaba. Motsa jiki yana rage haɗarin ta farko da wasu ire-irenta, amma ba shi da hannu a kan ta biyu. Wanda bai san hanyar da abin ke bi a cikin jiki ba, ko dai ya ɗora wa motsa jiki nauyin da ba zai iya ɗauka ba, ko kuma ya raina shi gaba ɗaya.

Istirojin da inda yake fitowa

Homon sinadari ne da wata gaɓa ke ƙerawa, jini ya ɗauke shi ya kai wa wata gaɓa a matsayin umarni. Babban homon na mace shi ne istirojin. Shi ke sa mama ya fito lokacin balaga, shi ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, shi ke riƙe ƙarfin ƙashi. Umarnin da yake ba ƙwayoyin halittar mama da na mahaifa guda ne: ku rabu, ku ƙaru. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, tana kwafe bayanan gadonta, kuma a wajen kwafar ana iya samun kuskure. Yawancin kurakuran jiki yana gyara su ko ya kashe ƙwayar. Idan rabuwar ta yi yawa kuma ta daɗe shekaru, damar wani kuskure ya kuɓuce tana ƙaruwa. Istirojin kamar taki yake a gona: ba shi ke shuka ciyawa ba, amma duk abin da ya tsiro zai ciyar da shi.

Shi ya sa tsawon shekarun da mace ta yi tana al'ada yake da tasiri. Wadda ta fara da wuri ko ta daina a makare ta fi daɗewa cikin istirojin. Haihuwa da shayarwa kuwa suna rage haɗarin. Wani babban nazari da aka wallafa a 2002, wanda ya haɗa bayanai daga ƙasashe 30, ya nuna cewa kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin kansar mama da kusan kashi 4 cikin 100, kowace haihuwa kuma da kusan kashi 7. Wannan kariya ce da matan Nijar suka daɗe suna samu ba tare da sun sani ba. A birni, inda ake jinkirta aure saboda karatu, ake rage haihuwa, ake yaye da wuri saboda aiki, kariyar tana raguwa daidai lokacin da zaman wuri ɗaya ke ƙaruwa.

Wurin da aka fi rashin fahimta shi ne abin da ke faruwa bayan al'ada ta ɗauke. Mutane suna ɗauka istirojin ya ƙare ke nan. Ma'ajin ƙwai, wanda ke ƙera shi a shekarun al'ada, ya daina aiki, gaskiya ne, amma akwai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, suna ci gaba da fitar da homon irin na maza kaɗan-kaɗan. A cikin kitse akwai wani sinadari mai suna aromatas, aikinsa shi ne ya juya wannan homon ya koma istirojin. Saboda haka a jikin macen da ta wuce shekara 50, kitse shi ne babbar masana'antar istirojin. Mai kitse da yawa tana da istirojin da yawa, kuma a wannan shekarun babu furojestaron, wato homon ɗin da ke fitowa bayan sakin ƙwai ya taka wa istirojin birki a cikin mahaifa. Shimfiɗar mahaifa sai ta yi ta kauri babu mai tsayar da ita. Wannan ne dalilin da ya sa kansar cikin mahaifa ta fi kowace alaƙa da ƙiba: mace mai ƙiba tana da haɗarinta ninki biyu zuwa huɗu, mai ƙiba sosai ma fiye da haka.

Akwai kuma hanta. Tana ƙera wani furotin da likitoci ke taƙaita sunansa da SHBG, wanda ke kama istirojin a cikin jini ya riƙe shi. Wanda aka riƙe ba ya iya shiga ƙwayar mama. Wanda ke yawo sakaka shi ke aiki. Ƙiba da yawan insulin, homon da ke kula da sukarin jini, suna sa hanta ta rage ƙera wannan furotin. Ke nan mai teɓa ta gamu da abu biyu a lokaci guda: istirojin ya ƙaru, mai ɗaure shi kuma ya ragu.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

An gwada wannan a kan mata, ba a bar shi a matsayin zato ba. A birnin Siyatil na Amurka, an ɗauki mata 173 da al'adarsu ta ɗauke, masu ƙiba kuma marasa motsi, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suka riƙa motsa jiki minti 45 a rana, kwana 5 a mako, har shekara guda. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna istirojin ya sauka, amma saukar ta fi fitowa fili a wurin waɗanda kitsen jikinsu ya ragu. A lardin Alberta na Kanada an maimaita irinsa da mata 320, aka wallafa a 2010: istirojin ya ragu, SHBG ya ƙaru.

Gwajin da ya fi ba da haske shi ne na 2012, shi ma a Siyatil, da mata 439. An raba su huɗu: masu rage abinci kaɗai, masu motsa jiki kaɗai, masu haɗa biyun, da waɗanda ba su canza komai ba. Bayan shekara, nau'in istirojin mafi ƙarfi ya sauka da kusan kashi 5 cikin 100 a wurin masu motsa jiki kaɗai, da kashi 16 a wurin masu rage abinci, da kashi 20 a wurin masu haɗawa. A ganinmu wannan shi ne darasin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda masu tallar motsa jiki ba su cika faɗa ba. Ta fuskar istirojin, yawancin amfanin motsa jiki ta hanyar narkar da kitse yake zuwa. Matar da ta zagaya filin wasa na Seyni Kountché minti 40, ta dawo ta sha lemun kwalba biyu da shayi mai cike da sukari, ta mayar da fiye da abin da ta ƙona. Tafiyar minti 40 da sauri ba ta cika ƙona fiye da abin da ke cikin kwalbar lemu ɗaya da rabi ba.

To, idan nauyi bai sauka ba, an yi aikin banza ke nan? A'a, domin akwai hanya ta biyu da ba ta jiran sikeli.

Insulin shi ne homon da ke buɗe wa sukari ƙofar shiga ƙwayoyin jiki. Idan mutum ba ya motsi kuma kitse ya taru a ciki, tsoka da hanta suna daina jin umarninsa da sauƙi, sai jiki ya ƙara yawan insulin don a tilasta musu. Mutum zai iya yin shekaru a haka kafin ciwon sukari ya bayyana. Matsalar ita ce insulin shi ma yana umartar ƙwayoyi su girma su rabu, yana kuma hana lalatattun ƙwayoyi mutuwa a kan kari, ga shi yana rage SHBG. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ba tare da ta jira insulin ba, kuma bayan an gama motsin tana ci gaba da jin umarninsa da kyau na kwana ɗaya zuwa biyu. Daga nan amfanin sai ya dushe. Wannan ne dalilin da ya sa motsin ranar Lahadi kaɗai, komai tsananinsa, bai kai na minti 30 a mafi yawan kwanakin mako amfani ga sukarin jini ba, kuma ya sa ake cewa kada a bar fiye da kwana biyu a jere su wuce babu motsi.

Kitsen da ke cikin ciki, wanda ya nannaɗe hanji da hanta, ya fi na cinya da ɗuwawu illa. Yana fitar da sinadaran da ke riƙe jiki cikin wani kumburi na ɓoye wanda ba a ji ba a gani, kuma irin wannan yanayin yana taimaka wa ƙwayar da ta lalace. Motsa jiki yana cin wannan kitsen tun kafin nauyi ya nuna wani canji. Don haka igiyar awo ta tela ta fi sikeli faɗin gaskiya. A auna zagayen ƙugu a tsaye, a tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an fitar da numfashi, ba a kan zane mai kauri ba. Ga mace, daga santimita 80 haɗari ya fara, daga 88 ya yi yawa. Wata hanya mai sauƙin tunawa: kada zagayen ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum.

Nawa ne ragin a zahiri? A 2016 an haɗa bayanan mutane miliyan 1.44 daga Amurka da Turai, aka kwatanta masu yawan motsi da marasa motsi. Masu motsi sun samu ragi a nau'in kansa 13: kusan kashi 10 cikin 100 a ta mama, kashi 16 a ta babban hanji, kashi 21 a ta cikin mahaifa. A fahimci lissafin da kyau. A matsayin misali, a ce cikin mata 1000 guda 50 ne za su kamu. Ragin kashi 10 yana nufin su koma 45. Ga ƙasa baki ɗaya wannan rayuka ne masu yawa. Ga mace ɗaya kuwa ba alkawari ba ne. Akwai mai motsa jiki kullum ta kamu, akwai wadda ba ta taɓa yi ba ta tsira, domin gado da shekaru da abubuwan da ba a hannun kowa suke ba suna nan. Babu wanda ya isa ya ce wa mai jinya ita ta jawo wa kanta.

Akwai wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan bincike a kan matan Turai da Amurka aka yi mafi yawansu, inda kansar mama ta fi kama waɗanda suka haura 50 kuma yawancinta mai cin istirojin ce. A Afirka ta Yamma ana yawan ganin ta a mata ƴan shekara 35 zuwa 50, kuma kaso mai yawa irin wadda ba ta dogara da homon ba ce. A wurin macen da ke al'ada, ma'ajin ƙwai ne ke mulki, motsi matsakaici kuma ɗan kaɗan yake taɓa istirojin ɗinta. Har yanzu tana samun amfanin insulin da na rage kitsen ciki, tana kuma shirya wa shekarun da ke gaba, amma kada matashiya ta ga ƙullutu a mamanta ta ce ai ita tana motsa jiki.

Ƙiba, maganin ƙiba, da kishiyarsu

A wurinmu jiki cike alama ce ta kwanciyar hankali, ramammiyar matar aure kuwa sai a fara tambayar ko lafiya a gidanta. Wannan matsin yana tura mata da ƴanmata zuwa ga ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a kasuwa da wurin masu yawo da magani a tire. Wasu na buɗe ciki ne kawai, wasu kuwa irin su deksametazon ne, wanda homon ne mai ƙarfi. Yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, ya cinye tsokar cinya da hannu, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi. Wato yana gina daidai irin jikin da muka bayyana a sama a matsayin mafi haɗari. Wadda ta daɗe tana shan sa kada ta yanke shi rana ɗaya, domin gaɓoɓin saman ƙoda sun yi barci, yankewar gaggawa tana iya jefa ta cikin mummunan hali. Likita ne zai rage mata shi sannu a hankali.

Jego ma wuri ne da nauyi ke taruwa. Mai jego tana buƙatar abinci mai kyau da hutu, babu gardama. Amma idan kowace haihuwa ta bar kilo 3 ko 4 da ba su tafi ba, bayan haihuwa biyar an tara kilo 15 zuwa 20, kuma da su za a shiga shekarun ɗaukewar al'ada.

Akwai kuma matan da al'adarsu ke tsallake wata biyu ko uku, ga gashi a haɓa, ga ƙuraje, ga wahalar samun ciki. Sau da yawa wannan ciwon ƙananan ƙulli ne a ma'ajin ƙwai, wanda ke tafiya tare da yawan insulin. Tunda ba a sakin ƙwai a kai a kai, babu furojestaron, shimfiɗar mahaifa tana ta kauri. A irin waɗannan matan, motsa jiki da rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana iya dawo da al'ada kan tsari. Duk da haka al'adar da ta wuce wata uku ba ta zo ba, kuma babu ciki babu shayarwa, tana buƙatar ganin likitan mata.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne. Idan aiki ya yi yawa abinci ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa tana rufe umarnin sakin ƙwai, al'ada ta ɗauke, istirojin ya faɗi ƙasa, ƙashi ya fara zubewa tun ana ƙuruciya. Ana ganin haka a ƴan wasa mata masu horo mai tsanani, ana kuma ganin sa a matar karkara lokacin da rumbu ya yi ƙasa ga aikin gona. Ɗaukewar al'ada ta wannan hanya ciwo ne, kada a ɗauke ta a matsayin kariya. Kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, don haka wadda ke haki daga ɗan hawa kaɗan, ko jiri ke ɗibarta, ko cikin fatar idonta ya yi fari, ta fara da awon jini kafin ta fara zagaye fili.

Yadda ake yi a zafin Yamai

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Gwaje-gwajen da suka sauke istirojin sun yi amfani da minti 225 a mako, don haka 150 mafari ne.

Matsakaici yana da alama mai sauƙi: numfashi ya ƙaru, kina iya magana da abokiyar tafiya amma ba ki iya rera waƙa. Idan hira tana tafiya kamar ana zaune a tsakar gida, saurin bai kai ba. Ga yawancin mata wannan yana kusa da taku 100 a minti, ko kilomita ɗaya cikin minti 11 zuwa 13. Wadda ta daɗe ba ta motsi ta fara da minti 10 a rana, ta ƙara minti 5 kowane mako, cikin wata ɗaya zuwa biyu ta kai 30. Kuskuren da ya fi kashe niyya shi ne a fara da awa guda ranar farko, gwiwa ta kumbura, a bari. Ana iya rarrabawa: minti 10 sau uku ya yi, kuma tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo ko shinkafa tana rage hawan sukarin da ke biyo baya.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba ko bayan magariba. A sha ruwa kofi biyu kafin fita, a riƙe gora a hannu. Hijabi ba ya hana komai, amma ya zama na auduga marar nauyi. Masu naɗa leda a ciki ko sa kaya masu kauri don su yi zufa ruwa kawai suke zubarwa, kitse yana nan, ga haɗarin suma. Silifas a kan yashi yana kawo ciwon diddige, takalmi rufaffe mai laushin ƙasa ya fi. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, mai asma ta yi nata a ɗaki. A watan azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu.

Ba kowace mace ke da damar fita ba, kuma ba dole sai an fita ba. Daka a turmi, jan ruwa, wanki da hannu, shara da sauri, duk suna shiga lissafi matuƙar numfashi ya ɗaga. Wani babban bincike na Turai a kan mata fiye da 200,000 ya sami raguwar kansar mama a wurin masu yawan aikin gida. Rawa a ɗaki minti 20 ma motsi ne cikakke. Matan da ke haɗuwa a foyandi, wato taron mata, ko adashi suna da abin da ya fi kowace na'ura amfani, wato abokan da za su ƙwanƙwasa ƙofa da safe. Maigidan da ya raka matarsa zagayen unguwa bayan isha ya sauƙaƙa mata surutun mutane, shi ma ya rage nasa tumbin.

Aikin tsoka shi aka fi mantawa, alhali tsoka ce babbar mai shanye sukari, kuma tana raguwa da sauri bayan al'ada ta ɗauke. A zauna a kujera a tashi ba tare da dafa gwiwa ba, sau 8 zuwa 12. A dafa bango da hannu biyu a kusanto shi a ture, sau 8 zuwa 12. A ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu daga kafaɗa zuwa sama. Idan ta yi sauƙi a koma bidon mai lita 5 da hannu biyu. Kowanne a yi zagaye 2 ko 3, a huta minti ɗaya a tsakani. Na ƙarshe-ƙarshen ya kamata su yi wuya, in ba haka ba nauyin ya yi kaɗan. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa, musamman mai hawan jini. Matar da ta haihu da yawa kuma fitsari ke kuɓuce mata idan ta yi tari, ko take jin wani abu na saukowa a gabanta, ta guji tsalle da ɗaukar nauyi mai yawa har ungozoma ta duba ta. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa ta jira mako 6 da izinin likita kafin aikin ciki. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwayar da ke faɗar da sukari ta riƙe dabino a jaka, ta kuma duba tafin ƙafarta bayan kowace tafiya. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya marar tsari suna nufin a tsaya a nemi likita.

Ga wadda ciwon ya riga ya kama

A da ana ce wa mai kansa ta kwanta ta huta. Yanzu an san cewa kwanciyar tana ƙara gajiyar da kimiyo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ke kawowa, tafiya kaɗan-kaɗan kuma tana rage ta. Gwajin da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa ɗaga nauyi a hankali, ana farawa da mafi ƙanƙanta, bai ƙara kumburin hannu ba a matan da aka cire wa ƙullutun hammata. Masu shan magungunan da ke toshe aromatas, irin su letrozol, sukan yi fama da ciwon gaɓoɓi har wasu su daina maganin. Motsa jiki yana rage wannan ciwon, kuma duk abin da ya taimaka wa mace ta ci gaba da maganinta ya taimaka wa rayuwarta. A 2025 wani gwaji a kan mutum 889 da suka gama jinyar kansar babban hanji ya nuna cewa waɗanda aka sa cikin tsarin motsa jiki na shekara uku sun samu ragin kashi 28 cikin 100 na dawowar ciwon, ko bayyanar sabo, ko mutuwa. Wannan ƙari ne a kan tiyata da kimiyo, ba madadinsu ba. Idan ciwon ya shiga ƙashi, ko akwai zazzaɓi, ko awo ya nuna jini ya faɗi sosai, likitan da ke kula da ita ne zai faɗi abin da za ta iya.

Kansar bakin mahaifa kuwa ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, ta hanta kuma a yankinmu yawanci daga ciwon hanta nau'in B take. Allurar rigakafi da awo ne maganinsu. Awon bakin mahaifa da ruwan khal yana ɗaukar mintoci kaɗan, ana so mace ta fara daga shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar sida kuma daga 25, kuma abin da aka gani da wuri ana iya magance shi tun bai zama kansa ba. Ana yawaita irin wannan awon a watan Oktoba, amma ba sai an jira shi ba.

Ƙullutu a mama ko hammata, musamman marar ciwo, kan nono da ya shige ciki, ruwa mai jini daga nono, fatar mama da ta yi ƙananan ramuka, jini bayan saduwa, ko ɗigon jini ko sau ɗaya bayan al'ada ta ɗauke shekara guda: kowanne daga cikinsu na asibiti ne a makon da aka gan shi. A fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, su tura zuwa asibitin haihuwa na Issaka Gazobi ko Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai, inda aka fara ƙona ƙwayoyin kansa da hasken na'ura a 2021. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe su ne ke mayar da ƙullutun da tiyata za ta iya cirewa ya koma wanda ya bazu.